Na ƙudura rabuwa da bashin N961,000 kafin ƙarshen 2026, ta ina zan fara?

Ɗan Kurna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara ta zo ƙarshe, na ƙudura a raina cewa in Allah ya yarda Disambar 2026 ba za ta same ni da bashin kowa ba. Niyyar akwai, hanyar ce ban gani ba. Ga lissafin yadda yake.

Albashina N210,000. Banki na cire N42,000 duk wata, saura wata 11. Ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinmu na cire N15,000, saura wata 8, ita babu ruwa. Adashi na riga na kwasa, zubin N10,000, saura wata 5. Cefane, man babur, wuta, kati da ƙananan hidimomi suna cin N115,000. Abin da ke saura a hannuna N28,000.

Ban da waɗannan akwai manhajojin bashi guda biyu a wayata. Ta farko na karɓi N60,000, zan mayar da N78,000 ƙarshen Janairu, wato kwana 30. Ta biyu N40,000, zan mayar da N46,000 cikin kwana 14, ita na biya kuɗin makarantar yara na zangon Janairu da ita. Mai kantin unguwarmu yana bina N55,000 na kayan abinci. Yayan maiɗakina ya ranta mini N150,000, bai sa rana ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Duka-duka N961,000.

Gidan gado nake zaune, ba na haya. Kuɗin makaranta N40,000 duk zango. Kadarata babur ɗin da nake zuwa aiki da shi, sai ƙananan raguna biyu a ƙauye da nake shirin sayarwa lokacin layya. Wani ya ba ni shawarar in je banki a ƙara mini bashi in haɗe komai wuri ɗaya. Masana, wanne zan fara biya, kuma shawarar nan ta haɗewa tana da amfani?

Akawun Sabon Gari

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi abin da mutane da yawa ba sa iya yi, wato ka rubuta komai ba tare da ɓoye wanda kake jin kunyarsa ba. Sai dai adadin N961,000 ɗin nan shi ke tsorata ka, alhali ba shi ne matsalarka ba.

Raba shi biyu. Na banki N462,000, na ƙungiya N120,000, na adashi N50,000, jimilla N632,000. Waɗannan suna kan hanyarsu, ko ka yi ƙuduri ko ba ka yi ba za su ƙare da kansu: adashi a Mayu, ƙungiya a Agusta, banki a Nuwamba. Abin da suke nema a wajenka kawai kada ka taɓa su. Wanda ke buƙatar dabara shi ne ragowar N329,000, kuma a cikinsa ma wuta a wuri ɗaya take ci, N124,000 na manhajojin nan.

Dubi ruwansu da kyau. Ta farko N18,000 a kan N60,000 cikin wata ɗaya, kashi 30 cikin 100 ke nan. A shekara kashi 360. Ta biyu N6,000 a kan N40,000 cikin kwana 14, kashi 15. Kamar ta fi sauƙi ko? Shekara na da kwana goma sha huɗu sau 26, ka ninka 15 sau 26, kashi 390. Ƙaramar ta fi babbar tsada. Don ka ga bambanci, a Satumbar 2025 Babban Bankin Najeriya ya sa ma'aunin ruwansa a kashi 27 a shekara, bankuna su ɗora nasu a kai. Abin da banki zai caje ka a shekara guda, manhajar nan a wata ɗaya take cinye kusan kamarsa.

Yanzu ga abin da nake so ka tsaya ka duba. Idan ka ci gaba da biyan ruwa kana sake karɓar uwar kuɗin, kamar yadda masu cin bashi a manhajojin nan kan yi, ruwan ta farko N18,000 ne a wata, na ta biyu N12,000 da ɗoriya. N30,000 ke nan. Rararka N28,000. Kowane wata kana nutsewa da N2,000 alhali uwar kuɗin ko naira ɗaya ba ta ragu ba. Duk ƙudurin da bai kashe waɗannan biyun a Janairu ba, ba zai ga watan Maris ba.

Kana buƙatar N124,000, kana da N28,000 na albashin Janairu, giɓin N96,000. Ragunan nan su ne amsar, kuma yanzu, ba da layya ba. Na san za ka ce da Babbar Sallah sun fi daraja. Gaskiya ne, amma lissafa: daga Janairu zuwa ƙarshen Mayu za ka zuba wa manhajojin N120,000 ko fiye a ruwa zalla, ban da dusa da harawa. Babu ƙaramin ragon da farashinsa zai tashi da N60,000 saboda jiran wata huɗu. A kai su kasuwa cikin makon farko na Janairu. N46,000 na farko ya tafi ga mai kwana 14 kafin ranarta ta cika, sauran ka ajiye a asusun da manhajar ba ta san katinsa ba, albashi na shigowa ka cika N78,000 ka rufe ɗayar. Idan kuɗin ragunan bai kai ba, ƙungiyoyin ma'aikata da yawa suna da rancen gaggawa daban da babban rance, ka tambayi ma'ajinku. Babur kam kada ka taɓa shi, kuɗin adaidaita zai cinye abin da ka samu.

Batun haɗe bashi a banki kuwa, ban goyi baya ba. Wannan ƙarin da suke bayarwa in mutum ya kusa gamawa, yawanci sabuwar yarjejeniya ce: a rufe tsohuwar, a buɗe sabuwa ta wata 12 ko 24, a sake cire kuɗin hidima da na inshora. Za ka ɗauki N150,000 na surukinka da N55,000 na mai kanti, waɗanda ba su da ruwa, ka mai da su masu ruwa. Sannan yanzu ma N67,000 cikin N210,000 ke tafiya biyan bashi, kusan kashi 32 cikin 100. Mutum na wuce kashi ɗaya bisa uku na albashinsa, sai cefane ya fara komawa bashi.

Abu ɗaya da ya kamata ka nema a bankin shi ne takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu da jadawalin biya. Ka duba ko ruwan a kan uwar kuɗin farko ake lissafa shi har ƙarshe, ko a kan abin da ya rage. Misali, N400,000 a kashi 3 duk wata na shekara guda: in a kan uwar kuɗin farko ne ruwan N144,000, in a kan ragowar ne kusan N82,000. Suna ɗaya, "kashi uku", amma bambancin ya haura N60,000. Amfanin sanin wannan: idan irin na biyun ne, biya da wuri yana rage ruwa. Idan na farkon ne, sau da yawa ba ka tsira da komai, don haka ko ka samu wasu kuɗi daga sama, ba banki za ka kai su ba.

Hajiya Mai Atamfa

Sannu ƙanena, Allah ya yaye. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kada ka ɗauka kai kaɗai ne.

Lissafin Akawu babu gyara a kan manhajojin nan. Inda zan ƙara, shi alƙalami yana ganin bashin mai kanti da na surukinka ba su da ruwa, don haka su jira. A takarda haka ne. A unguwa ba haka ba ne. N55,000 a hannun mai ƙaramin kanti jari ne, buhun shinkafa ne da bai saro ba, kuma shi ma wani dila a kasuwar Singa ko Dawanau yana binsa. Shi ne kuma mutumin da za ka koma wa ranar da albashi ya makara. Idan ka ɓata da shi, manhajar da ka goge za ka sake saukewa.

Ka je ka same shi da kanka, ba aike ba, ba kuma lokacin da kanti ya cika ba. Ku buɗe littafinsa ku daidaita adadin, domin sau tari abin da ke littafi ya fi abin da ke kan mai karɓa, yara sun karɓo sukari da magi ba ka sani ba. A ja layi a ƙarƙashi. Ka ce masa daga yau tsabar kuɗi za ka riƙa saye, tsohon kuma N5,000 duk wata har Mayu, daga Yuni ka ƙara. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya ji kunya ya koma sayayya a wani kantin, yana ratsa ta bayan layi. Wannan ya fi rashin biyan ciwo: ka riƙe masa jari, ka kuma kai wa wani cinikin. Ka ci gaba da saye a wajensa, kuɗi hannu. Kuma a gida a san cewa an rufe littafi, kada a aiki yaro.

Surukinka kuma, shirunsa ba yafiya ba ce, kara ce. Cikin Janairun nan ka taka ka gaishe shi, ka ce Yaya ban manta ba, ga halin da nake ciki, zan fara kawowa daga wata kaza in gama a wata kaza. Ka faɗi watan da ka tabbata za ka iya, ba wanda zai yi daɗin ji ba. Ranar da ka sa da bakinka ta wuce ba ka zo ba ta fi shekarar da ba ka ce komai ba zubar da mutunci.

Sai maganar da maza ba sa son ji. Maiɗakinka ta san adadin nan? Ba a biyan bashin gida da mutum ɗaya. Ita ke riƙe da tukunya, ita ta san inda N115,000 ɗin nan ke zurarewa. Sayen awo kullum, gwangwani biyu yau, kwalbar mai gobe, ya fi tsada a kan a sayi kwano biyar na masara ko gero a kai niƙa sau ɗaya. Ga anko, ga gudummawar biki da suna. Shi biki ai bashi ne, wanda aka yi muku dole a rama, amma bana kada a buɗe sabo. A je a yi Allah ya sanya alheri da abin da ya samu. Idan ba ta san kana cikin rami ba, za ta ga kamar rowa ka koya.

Kuma ka dubi kalanda. Ana sa ran azumi wajen 18 ko 19 ga Fabrairu, Ƙaramar Sallah wajen 20 ga Maris, in an ga wata. Ƙudurin Janairu da yawa a bakin tela yake mutuwa. Ɗinkin yara a kai shi tun kafin azumi ya kama, domin in ya raba tsakiya kuɗin ɗinki tashi yake. Kai da uwar gida bana ku wanke na bara ku sa guga, ba wanda zai tsayar da ku a filin idi.

Adashin nan in ya ƙare a Mayu, uwar adashi za ta ce a sake zagaye. Idan za ka shiga, karɓi kwasar ƙarshe ko ta kusa da ƙarshe. Kwasar farko rance ce, ta ƙarshe ajiya ce. Ni dai a bana da ka haƙura gaba ɗaya.

Lauyan Unguwa

Zan tsaya kan ɓangaren doka, saboda tsoro ne ke sa mutane cin sabon bashi don biyan tsoho.

Na farko, bashi ba laifin da ake kama mutum a kansa ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na aikata laifi ba kawai, haka ma sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015. Saƙon da ake turowa cewa "jami'anmu na hanya" barazana ce. Wannan ba ya nufin bashin ya faɗi. Mai binka na da damar kai ka kotu, kuma zai yi nasara in yana da hujja. Abin da zai iya mayar da maganar laifi shi ne yaudara, kamar ba da takardun bogi ko cek ɗin da ba kuɗi a asusunsa.

Na biyu, tura wa mutanen da ke cikin wayarka saƙo ana kiranka ɓarawo, ko yaɗa hotonka, ya saɓa ƙa'ida. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ita ke yi wa masu ba da bashi ta intanet rajista tun 2022, ta kuma fitar da sabbin ƙa'idoji a 2025. A shafinta akwai jerin waɗanda aka amince da su, ka duba ko naka biyun suna ciki. Google ma tun ƙarshen Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa shiga lambobin waya da hotunan mutane, shi ya sa masu mugun nufi ke turo mahaɗi ta WhatsApp a sauke daga waje. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Duk saƙon cin mutunci da aka turo, ka ɗauki hotonsa da lamba da rana, da su ake kai ƙara.

Wajen biya, ga inda ake yawan faɗawa. Ka biya ta cikin manhajar ko ta asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin. Idan wani ya kira ya ce ka turo asusunsa zai yi maka rangwame, kuɗin sun tafi, bashin yana nan. Bayan ka biya, ɗauki hoton shafin da ke nuna saura sifili, ka nemi su turo maka saƙon shaidar kammalawa. Kada ka goge manhajar kafin wannan. Goge ta ba ya goge bashi, tara ce kawai za ta ci gaba da hawa kullum ba ka gani. Sannan lokacin karɓar rancen ka saka lambar katinka, wato ka ba su izinin cira. Bayan ka gama, je bankinka a toshe wancan katin a ba ka sabo. Kuɗin sabon kati bai kai rigimar neman a dawo da abin da aka cire bisa kuskure ba. Kuma ka sani, kana gama biya za su fara kira cewa yanzu ka cancanci N150,000. Wannan kiran shi ne tarkon na gaske.

Game da na banki: kada ka yi tunanin sauya asusun albashi don su rasa abin cira. Tun 1 ga Agustan 2020 Babban Banki ya fara tsarin GSI, wanda ya bai wa banki damar bin lambar BVN ɗinka ya kwashi uwar kuɗi da ruwan da ya taru daga asusunka na wasu bankuna idan ka ƙi biya. Sunanka kuma zai shiga wajen kamfanonin adana tarihin masu bashi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Dokar rahoton tarihin bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Ka nema bayan wata biyu da rufe manhajojin, saboda yakan faru mutum ya biya amma ba a sabunta bayanin ba, sai ranar da ya je neman wani abu mai muhimmanci a ce ana binsa. Idan ka ga cajin da ba ka gane ba a asusunka, rubuta wa bankin takarda, ka karɓi lambar ƙorafi. In ba su warware ba, sai sashen kare masu hulɗa na Babban Banki.

Bana kada ka tsaya wa kowa a rance, ko ɗan uwarka ne. Wanda ya tsaya, shi ake cira wa. Kuma duk wanda ya zo maka da harkar "zuba dubu hamsin ka kwashi ɗari" don ka fita da sauri, ka tuna yadda MMM a Disambar 2016 da CBEX a Afrilun 2025 suka rufta da kuɗin jama'a. Mai bashi ne abincinsu, don shi ya fi kowa gaggawa.

Almajirin Zaure

Allah ya saka wa waɗanda suka gabata. Ɗan'uwa, gaggauta fita daga na manhajojin nan ba lissafi kaɗai ba ne, fita ce daga riba, sai a haɗa da tuba da niyyar rashin komawa.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta, a sa ajali, a kafa shaidu. Bashin surukinka ba rubutu ba ajali. Ka rubuta shi ko da a takardar littafin yara ce, adadi da sunan mai shi, iyalinka su san inda take. Rai ba a hannunmu yake ba, kuma ana fitar da bashi kafin a raba gado. Ya tabbata a hadisi cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Aya ta 280 ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci, don haka neman jinkiri ba abin kunya ba ne. Amma jinkirin mai hali zalunci ne, shi ma hadisi ne. Daga watan da rara ta samu, uzuri ya ƙare.

Layya a mazhabar Malikiyya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda ba ya buƙatar kuɗinta don lalurarsa a cikin shekarar. Kai kana buƙata. Kada ganin ido ya sa ka ci bashin rago. Zakkar fid-da-kai kuwa sa'i ɗaya ce a kan kowane kai, mudun Annabi huɗu na abincin da aka fi ci a gari, ka sa ta cikin lissafin azumi tun yanzu.

Abu biyu da ake yawan tambaya. Ko darajar naira ta faɗi, a wajen mafi yawan malamai N150,000 ka ranta, N150,000 za ka mayar. Ƙara wani abu don kyautatawa ba tare da sharaɗi ko al'ada ba, malamanmu sun yi saɓani in ƙarin na adadi ne: Ashhabu ya halatta, Ibnul Ƙasim bai so ba. Sai kuma "rage mini in biya ka kafin lokaci", wannan Malikiyya sun hana a bashin da ajalinsa bai yi ba. Amma neman a sauke maka ruwa da tara ka biya uwar kuɗi ba ya cikin wannan, domin ƙarin tun asali ba halal ba ne.

Mabarta, wato waɗanda bashi ya yi wa katutu, suna cikin kashi takwas na masu cin zakka a aya ta 60 ta Tauba, matuƙar ba a saɓo aka ci bashin ba kuma babu abin biya. Mai raguna biyu da albashi sai ya fara da nasa tukuna. Kuma masu cewa a je bankunan Musulunci kamar Jaiz ko TAJ a karɓo kuɗi a biya bashi, galibin abin da irin waɗannan bankuna ke yi murabaha ce, su sayi kaya su sayar maka da riba sananniya. Ba tsabar kuɗi suke miƙawa ba.

Ɗan Kurna

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi waya ƙauye, ranar kasuwa za a kai ragunan. Yallaɓai Akawu, in an rufe manhajojin, yaya zan raba N28,000 ɗin tsakanin azumi, makaranta da mutanen nan biyu? Ina ganin kamar ba za ta kai ba.

Akawun Sabon Gari

Za ta kai, amma wata biyar na farko a matse za ka yi su. Ka lura da abin da Hajiya ta taɓo: albashin Janairu ya tafi ga manhaja, na Maris kuma sai bayan Sallah zai shigo. Albashi ɗaya tak, na Fabrairu, shi ne na azumi da Sallah. Ka cire wa mai kanti N5,000, saura N23,000, iyakar ƙarin da za ka yi ke nan a kan cefanen da aka saba, har da ɗinkin yara da fid-da-kai. Duk abin da maiɗakinka ta iya tsimi daga N115,000 a nan zai yi amfani.

Maris da Afrilu iri ɗaya: N5,000 mai kanti, N20,000 kuɗin makarantar zango na uku, N3,000 ajiya. Mayu: N5,000 mai kanti, N15,000 hidimar Babbar Sallah, N8,000 ajiya. Zuwa nan ka biya mai kanti N20,000, kana da N14,000 a gefe, adashi ya ƙare.

Ajiyar nan kada ka raina ta, kada kuma ka ce gara a zuba ta a bashi. Zazzaɓin yaro ko tayar babur na N10,000 shi ke mayar da mutum manhaja. Ka sa ta a asusun da ba shi da kati, ba ya kuma cikin wayarka.

Daga Yuni rararka ta zama N38,000, in dai ba ka bar N10,000 na adashin ya narke cikin cefane ba, wanda shi ne abin da ke faruwa in ba a ba kuɗi suna tun kafin su shigo ba. Yuni: N20,000 mai kanti, N13,000 makaranta, N5,000 ajiya. Yuli: N15,000 ka rufe littafin mai kanti, N13,000 makaranta, N5,000 ajiya, N5,000 ka fara kai wa surukinka. Agusta: N14,000 ya cika N40,000 na Satumba, N5,000 ajiya, N19,000 suruki. Sai dai zangon Satumba kan zo da littattafai da sabon yunifom, ka tambayi makarantar tun Yuli don kada ya zo maka ba shiri.

Satumba ƙungiya ta daina cira, rara N53,000, N5,000 na ajiya ya ci gaba duk wata. Satumba da Oktoba N48,000 kowanne ga surukinka, ya zama N120,000 ke nan da na baya. Nuwamba N30,000, an gama da shi, a watan ne kuma banki zai cire na ƙarshe. To idan ka je gaishe shi a Janairu, abin da za ka ce shi ne za ka fara a Yuli ka gama a Disamba. Ka bar wa kanka wata ɗaya na ko-ta-kwana.

Duk wannan ranar da alat ya shigo ake yinsa, kafin ka bar inda kake. Ka tura wa kowa nasa, abin da ya rage shi ne na gida. Idan ka ce sai ƙarshen wata ka ga abin da ya saura, ba abin da zai saura. Mai kanti in ka ba shi hannu da hannu, ya rubuta a littafi a gabanka.

Albashin Disamba rararka N95,000. Cire N40,000 na zangon Janairun 2027 nan take, tunda shi ne ya kai ka manhaja bana. Sauran, da N18,000 da suka rage a Nuwamba, lokacin kaka ne, ka sayi masara ko gero ka ajiye. Ka kuma duba takardar albashinka ta Janairun nan, sabuwar dokar haraji za ta fara aiki 1 ga wata, N800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu. Idan ka ga ƙarin ko da N2,000 ne, mai kanti za ka ƙara wa.